Surukina Ya Rubuta

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau ma Abban Amatu ya dawo daga shago bakinsa har kunne, ni kuwa na san ba ciniki ba ne. Shafin nan nasa ne. Tun bara ya buɗe shi a yanar gizo, ya sa masa suna Tagar Ƙanƙara, wai don mutanenmu su riƙa jin labarin gida. Tsakanin gyaran wayar wannan da cajin wayar wancan yake rubutawa. Yanzu a kasuwa an daina ce masa Bilya mai waya, an koma Bilya ɗan jarida. In aka kira shi da hakan, har tafiyarsa sauyawa take yi.

Ko tuwo bai taɓa ba ya miƙo mani wayar. "Hamida, karanta ki faɗa mani gaskiya." Na ce wace iri, ta gida ko ta baƙi? Ya yi dariya. Na karanta, na ce ya yi kyau.

Ta baƙi na ba shi. To ya zan yi, yana tsaye a kaina yana kallon bakina kamar Amatu in ta kawo zanen da ta yi a makaranta.

Cikin nan ya tsufa. Ƙafafuna kamar na aro. Sista Alheri ta asibiti ta ce cikin watan nan ne in Allah ya yarda.

Juma'a, 6 ga Satumba

Baba Mamuda ya shigo daga Ƙetare yin Juma'a, ya kawo mana ɗanyar masara da kuɓewa. Da aka sauko ya zauna a inuwar darbejiya, ya ce in karanto masa abin da ɗan nasa ke rubutawa, tunda kowa na ba shi labari amma shi bai taɓa ji da kunnensa ba. Na ja mayafi, na zauna can gefen tabarma.

Kan labarin: "ABIN DA YA FARU A TASHAR ƘANƘARA ZAI GIRGIZA KA." Baba ya gyara zama, ya ce subhanallahi.

Na fara. Sallama ga masu karatu na kusa da na nesa. Godiya ga mabiya. Roƙon a danna a yaɗa. Sai tarihin tashar tun tana fili. Ana cikin haka tallar maganin ƙiba ta faɗo ta rufe rubutun, na yi ta laluben inda zan kashe ta. Ina komawa na ci karo da wasu kalmomin Turanci a jere, ni da na gama sakandare ma sai da na tsallake su. Baba ya ce, "Ɗiyata, har yanzu ba mu kai tashar ba?"

Da muka kai, ashe akuya ce ta shiga motar haya ta ƙi fita.

Baba ya ce, "To. Allah shi yi albarka. Yaron akwai hannu." Sannan ya tambaya ko an rubuta wani abu a kan tsutsar da ke cin masara a wajensu, ko ranar da masu allurar shanu za su zo. Na duba har ƙasa. Babu. Sai rigimar manya ta Abuja kala-kala, duk daga wasu shafuka aka kwafo, har da kuskuren rubutunsu.

Da Abban Amatu ya tambaye ni, cewa na yi Baba ya sa albarka. Ai ya sa ɗin.

Talata, 10 ga Satumba

Tun safe yake ɗora "Da ɗumi-ɗumi". Ko kunun da na dama bai kai labaransa ɗumi ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Na kira Inna a Sabuwa. Sai da ta hau tudun bayan gida kafin muryarta ta fito sosai. Ta gama haɗa kayan jego, kanwa da yaji da surfaffen gero, har da daddawar da ta san ina so. Ranar Talata ta sama za ta taso da Malam Barau direba. Shi kaɗai ta yarda da tuƙinsa, ta ce ba ya gudu kuma ba ya bin hanya in rana ta yi sanyi.

Abin da ya ba ni dariya, ashe Inna ta zama babbar mabiyar shafin. Ba ta karatun boko, amma Hafiza matar yayana ke karanto musu bayan la'asar, matan unguwa su cika tsakar gida. Hafiza ta ce da zarar gardama ta tashi a kan wani labari, Inna ke kashe ta da kalma ɗaya: "Surukina ya rubuta." Shi ke nan, an rufe. Wai ko a rediyo ta ji abu, sai ta ce a duba mata ko Baban yarinya ya tabbatar.

Na ba Abban Amatu labari. Kunya ta kama shi, daɗi ma ya kama shi, ya rasa wanda zai nuna. Ya ɗauki Amatu ya yi ta juyi da ita a tsakar gida.

Ni kuwa wani abu ya ɗan tsaya mani a ƙirji. Ƙila ɗan cikin ne ya tokare.

Alhamis, 19 ga Satumba

Mun ɗan saɓa yau.

Ruwan shekaranjiya ya ci wata kwalbati a hanyar ƙauyen su Baba. Ya rubuta, wannan daidai ne. Amma hoton da ya sa, wata ƙatuwar gada ce, ga jan ruwa, ga mutane a kwalekwale. Na ce yaushe muka sami kwalekwale a Ƙetare? Ya ce ai misali ne, kowa haka yake yi, in ba hoto mai ɗaukar ido ba wanda zai tsaya. Na ce kwalbatin nan fa a babur ba ta da nisa. Ya ce wa zai tsare masa shago.

Da na ga an riga an fara, sai na ƙarasa. Na nuna masa wurin sharhi. Wata mata tun makon jiya take tambaya ko an sauya ranar rigakafin yara, daga ƙauye za ta taho da goyo, kar ta yi zuwan banza. Wani kuma na tambaya ko amalanke na iya wucewa ta wurin kwalbatin. Ba wanda aka amsa wa. Amma duk wanda ya rubuta "Allah ya ƙara basira", an ba shi amsa har da hoton fure.

Ya ɓata rai ya fita. Bayan la'asar sai ga shi da balangu mai zafi a takarda, ya ajiye a gabana. Na ci. Shi ma ya sa hannu. Haka muke shiryawa.

Talata, 24 ga Satumba

Inna ta taso! Na share ɗakin, na shimfiɗa sabon zanen gado. Amatu ta ƙi cire takalmi, wai ita za ta fara tarbar Kaka.

La'asar. In ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Da azahar Yaya Hajaratu ta kira daga Faskari tana kuka, da ƙyar na gane me take faɗa. A shafin mijina ta gani: "DA ƊUMI-ƊUMI: 'Yan bindiga sun tare hanya tsakanin Mairuwa da Sheme, sun kwashe matafiya." Hanyar da Inna za ta biyo ke nan. Na kira Inna, a kashe. Na kira Malam Barau, ba ta shiga.

Na kira Abban Amatu a shago. Na ce a ina ka ji? Ya ce saƙon murya aka turo a wani zauren wasaf. Na ce muryar wa? Bai sani ba. Yaushe abin ya faru, wa ya gani? Wannan ma bai sani ba. Can ya ce, "Wai yau ne zuwan Inna?" Ya manta. Wallahi ya manta. Ina jin lokacin da ya ture benci ya miƙe.

Yana nan yanzu a ƙofar ɗaki, waya biyu a hannu, yana kiran duk wanda ya sani. Na yi alwala na kasa tsayuwa, a zaune na yi salla. Bayana na tsinkewa.

Gab da magariba. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Hafiza ta kira, Inna na gida Sabuwa lafiya lau. Suna tashar Funtuwa wani fasinja ya karanto labarin, Malam Barau ya ce ba zai kai mutane halaka ba, ya juya da su. Wayar Inna caji ne ya ƙare.

Ba a jima ba Yaya Hajaratu ta sake kira. Mijinta ya dawo daga Funtuwa ta hanyar nan da rana tsaka, ya ce bai ga komai ba sai masu sayar da rake. A wurin sharhi kuma wani ya rubuta cewa muryar nan ta daminar bara ce, shi ma ya taɓa jin ta.

Na juya wa Abban Amatu baya na kwanta. Ba ni da ƙarfi. Shi ma bai iya kallona ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Namiji. Ranar Laraba da hantsi.

Na sha wuya, ba irin ta haihuwar Amatu ba. Jini ya so ya yi gardama, Sista Alheri ta tsaya a kaina har ya tsaya, Allah ya saka mata. Ta ce na kira Inna ya fi a ƙirga. Ni abin da na tuna kawai, ina neman hannun da zan riƙe, na kama ƙarfen gado.

An ce Abban Amatu a rana ya tsaya har aka fito da yaron, an nuna masa benci a inuwa ya ƙi. Da ya shigo idanunsa jajir. Ya yi wa yaron huɗuba, ya ce mani sannu ya fi sau nawa. Ba sannun haihuwa kaɗai ba ce, na gane.

Makwabciyarmu Halimatu ke dafa mani ruwan wanka. Tana da kirki, amma ba ta san yadda Inna ke yi ba. Gadon da na shimfiɗa yana nan yadda yake.

Yaron hancin ubansa ya ɗauko sak. Ina fushi da mai hancin, ina sumbatar hancin.

Asabar, 28 ga Satumba

Ashe tun ranar ya goge labarin, shiru-shiru, kamar ba a taɓa yi ba. Bai sake ɗora komai ba.

Ga kuma inda abin ya tsaya: Inna ta ƙi tahowa. Na ce mata hanya lafiya, labarin tsoho ne. Ta ce, "Ke dai kina son ganina ne, ɗiyar nan." Yaya Hajaratu ta rantse mata, Inna ta ce ita ma bakinmu ɗaya. Shi da kansa ya daure ya karɓi wayar, ya durƙusa a tsakar ɗaki kamar tana ganinsa, ya ce Inna kuskure ne, ni na yi. Ta ce Allah sarki, yaro mai kunya, don dai ya kwantar mata da hankali ne. Ta ce Hafiza ta duba, ba a rubuta an buɗe hanya ba, cire labarin ma aka yi, ƙila manya ne suka sa a cire don kar a tsorata jama'a. "In da lafiya, ai da ya rubuta."

Malam Barau ma ya ce fasinjojin Sabuwa sun ƙi hanyar, shi kuma ba zai taho da mota wayam ba.

Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi, sannan na yi kuka. Inna ta fi yarda da shafinsa a kan bakinsa.

Lahadi, 29 ga Satumba

Yau na ba shi ta gida.

Ina shayar da yaro, yana zaune bakin gado yana juya waya. Na ce gogewa ba ta isa ba. Waɗanda suka ji an tare hanya har yanzu a tare take a kunnensu. Ya ce in ya fito ya ce ya yi kuskure, ya gama yawo, za a ce maƙaryaci ne, masu sauran shafuka za su yi ta yi da shi. Ya ce kuma da gaskiya ne fa? Da ya tsaya bincike aka kwashi mutane, wa zai yafe masa? A garin nan da kowa ke da wanda aka taɓa ɗaukewa?

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce ban ce ka yi shiru ba. Ka faɗi abin da ka ji, ka faɗi a bakin wa, ka faɗi ranar, ka ce ba ka tabbatar ba. Mutane ba yara ba ne, su auna da kansu. Amma ka rubuta kamar a gabanka aka yi, da manyan baƙaƙe, alhali ko sunan mai muryar ba ka sani ba. Na ce kai kana ganin lambobi na hawa a waya, ni ina ganin Inna da ƙullin kanwa a tashar Funtuwa.

Na faɗi na akuya. Na faɗi yadda Baba ya nemi maganar tsutsa bai samu ba. Wannan ta fi yi masa zafi, na ga alama. Ya ce me ya sa ban faɗa tun ranar ba. Na ce don ina son ganin tafiyar nan taka ta ɗan jarida.

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya karɓi yaron ya daɗe yana kallonsa.

Litinin, 30 ga Satumba

Ya rubuta. Ba sallama mai tsawo, ba tarihi. Na kwafe shi a nan don ina so ya zauna:

"Ranar Talata 24 ga Satumba na rubuta cewa an tare hanyar Mairuwa zuwa Sheme. Ba gaskiya ba ne. Tsohuwar murya ce ta bara aka turo mani, na ɗora ban bincika ba. Yau Litinin da safe na yi magana da direbobin da suka biyo hanyar, sun ce lafiya suka wuce. Duk wanda na tayar wa hankali ko na ɓata wa tafiya, ya yafe mani. Cikin waɗanda na ɓata wa har da surukata."

Sannan ya karanta da bakinsa ya ɗora muryar, don masu ji da kunne. Sai da ya maimaita ɗauka, muryarsa na sarƙewa a wurin "surukata".

An zage shi. Wani ya ce ya koma gyaran waya. Wasu sun fice daga shafin. Amma wata mata daga Mairuwa ta rubuta cewa ranar ta hana ɗanta zuwa jarrabawa, ta yafe, kuma tunda take ba ta taɓa ganin mai shafi ya ba da haƙuri ba. Ya amsa mata. Ya amsa wa mai zagin ma.

Talata, 1 ga Oktoba

Inna ta iso!

Ƙamshinta kaɗai. Na kifa kai a cinyarta kamar ba ni ce mai 'ya'ya biyu ba. Ta kwance ƙullinta, ta kori Halimatu da godiya, ta ɗora tukunya.

Ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bayan labule. Ta ce, "Na ji muryarka. Matan unguwa duk sun ji an ambace ni." Sannan ta ce, "Amma nan gaba a riƙa tambaya kafin a rubuta, Baban yarinya. Mu can abin da ka ce shi ne." Ya ce in Allah ya yarda, Inna.

Malam Barau ya tsaya a shago, Abban Amatu ke ba ni labari. Ya yi masa faɗa sosai a gaban mutane, har da nuni da makullin mota. Da ya huce ya ce, "Kullum muna bisa hanyar nan. Mi ya hana ka kira mu?" Ya ba shi lambarsa da ta wasu direbobi, na Faskari da na Sabuwa.

Laraba, 2 ga Oktoba

Muhammad Auwal. Allah ya raya. Gida ya cika, Baba ya kawo rago daga Ƙetare. Na gaji, amma irin gajiyar da nake so.

Talata, 8 ga Oktoba

Shafin ya yi sanyi, shi ma ya yi sanyi. Ya ce masu dannawa sun ragu sosai. Ina ganinsa yana leƙa na wasu, masu manyan baƙaƙe da hoton wuta, yana ajiyar zuciya.

Yau an sake turo wata murya, wai an ga baƙin babura a wani daji ta wajen Faskari. Na ga yatsansa na ƙaiƙayi. Ya kira Malam Barau, ya kira mijin Yaya Hajaratu, ya kira wani ɗan sintiri da ya taɓa gyara wa waya. Sauran shafuka duk sun riga shi. Abin da ya ɗora a ƙarshe gajere ne: ga abin da ake faɗa, ga waɗanda na tambaya, biyu sun ce lafiya, ɗaya ya ce shi ma ya ji amma bai gani ba, mai tafiya ya yi da rana, in na ji ƙari zan faɗa. Da yamma kuma ya koma ya faɗi ƙarin da ya ji.

Inna na jin mu daga bakin murhu. Ta ce, "Wannan ya fi kama da maganar mutum."

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya rufe shago rabin yini ya tafi Ƙetare. Ya ɗauko hoton masarar Baba a tsaye a gona, da na kwalbatin nan, ta gaskiya, 'yar ƙarama abin tausayi. Ya je wurin malamin gona ya tambayo yadda za a kare hatsi daga ƙwari a rumbu, ya rubuta da Hausar da ko Amatu za ta gane, ya kuma karanta da murya.

Ya ce Baba ya sa a kunna masa, aka gama ya ce a sake, ya aika a kira abokansa na bakin masallaci aka sake. Wai yana ta cewa, "Ku ji, gonata ce wannan." Ya dawo da ƙaiƙayi a wuya da wani irin haske a fuska. Ba irin na lambobi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ruwan zafi, kunun kanwa, barci. Auwal ya fara bin haske da ido.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Hali dai! Yau na leƙa na ga yana rubuta "BA ZA KA YARDA DA ABIN DA AKA GANI A..." Na yi gyaran murya. Inna ma ta yi, ita da ba ta san me aka rubuta ba, ta dai ga na yi. Ya kalle mu, ya goge, ya sa "An fara sayar da sabon wake a kasuwa". Ya ce mun kashe masa fasaha. Na ce Allah ya jiƙanta.

Tallar maganin ƙibar ma ya cire. Ya bar ta wani mai gyaran injin ban ruwa, ya sa ta can ƙasa inda ba ta tare wa kowa hanya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ya ce wasu mata na turo tambayoyin da shi ba zai iya amsawa ba, na awo da na goyo, wasu ma kunyarsa suke ji. Wai in taimaka. Na ce a'a, ni ba 'yar jarida ba ce, jego nake.

Sai dai ranar Alhamis da muka koma asibiti a duba ɗinki, na tambayi Sista Alheri ranakun rigakafi, tunda ga ni ga ta. Na tuna matar nan mai goyo. Da na faɗa masa ya ce in faɗa a waya kawai, murya ce, ba wanda zai ga fuskata. Na yi, sau ɗaya, don ya ƙyale ni. Muryata kamar ta mai mura.

Hafiza ta ce matan Sabuwa sun gane ni tun daga sallama.

Talata, 5 ga Nuwamba

An yi arba'in, Inna ta koma shekaranjiya. Gidan ya yi faɗi. Abban Amatu ya tafi Faskari tun safe.

Da hantsi wata tsohuwa ta yi sallama, ban santa ba. Ta ce sunanta Safara'u, daga unguwar bayan makaranta, an ce mata nan ne gidan mai shafi. Famfon tuƙa-tuƙarsu ya lalace tun kafin kaka, matan unguwa na zuwa har rafi, jikarta ta kwanta da gudawa. Sun kai kuka inda suka sani, shiru. Na ce maigidan ba ya nan. Ta ce, "Ke ma ai kin isa. Ba ke ce mai maganar allura ba?"

Na ba ta ruwa. Na ce zan faɗa masa in ya dawo. Har na raka ta zaure, sai na ji bakina na tambayarta famfo ɗaya ne ko biyu, wa ya haƙa, wa aka gaya wa, yaushe. Ta amsa wasu, wasu ta ce ba ta sani ba.

To ba a ɗora abu a kan "ba ta sani ba". Na kira shi ya ce in je mana. Na goya Auwal, na zura hijabi, na kama hannun Amatu, muka bi ta. Na ga famfon, hannun ya karye daga gindi. Na yi magana da mata uku da mai unguwa. Ashe biyu ne, ɗayan na aiki amma ruwansa ja.

Ba wai na shiga harkar ba ne. Sista ce ta ce in riƙa motsa ƙafa.

Hoton famfon dai ya yi duhu, rana na gabana na ɗauka. Gobe da safe in na koma, tana bayana.